Yadda Ake Shirya Zagayen Birni Mai Tarihi da Ɗan Jagora Naka Kai Kaɗai

Duk wanda ya taɓa bin ayarin masu yawon buɗe ido, mutum arba'in a bayan jagora guda mai ɗaga 'yar tuta, ya san yadda abin yake kasancewa. Ana isa ƙofar fada sai ya faɗi sunan sarki da shekarar gini, kafin ka gama ɗaga kai ka dubi rubutun da ke bango an ce a wuce. Tambaya tana bakinka, mota tana jira. Wannan ne ya sa wasu ke ɗaukar ɗan jagora nasu su kaɗai, su da iyalinsu ko abokan tafiyarsu. Abin da kuɗin ke saya maka a nan lokaci ne da damar tambaya, amma mutane da yawa suna biya sannan su koma gida da irin gajiyar da 'yan ayari suka kwaso, don ba su shirya ba. Ga yadda nake ganin ya kamata a bi abin.

Mataki na farko: rage buri tun kana gida

Kafin ka nemi kowa, zauna ka rubuta wuraren da kake son gani, sannan ka soke rabinsu. Na san da wuya, domin mutum yana ganin wataƙila ba zai sake zuwa ba. Amma manyan wurare uku a yini sun isa, huɗu kuma an fara gudu ke nan.

Ɗauki Alƙahira misali. Dalar Giza tana yammacin kogin Nilu, tsohon birnin Musulunci yana gabas, tsakaninsu kuma cunkoson motoci ne mai cinye sa'o'i. Wanda ya haɗa su a yini ɗaya, rabin yininsa a mota zai ƙare. Idan kuwa ya ware yini guda ga tsohon birni kaɗai, zai iya bin tarihin daki-daki: masallacin Ibn Ɗulun da aka gama a shekarar 879 miladiyya, sai Azhar da aka buɗe a 972, sai ganuwar Salahuddin da aka fara ginawa a 1176, sai masallacin Sultan Hasan na ƙarni na 14. Da idonsa zai ga yadda hannun magina ya riƙa sauyawa daga wannan daula zuwa waccan. Irin wannan zaren nake so ka nema a kowane birni. Ka tambayi kanka: gine-gine ne suka fi jan hankalina, ko labarin sarauta da yaƙi, ko tarihin malamai da makarantu? Amsar ita ce za ka kai wa jagora, kuma da ita zai tsara maka hanya.

Ka kuma dubi waɗanda za ku tafi tare. Idan da dattijo ko mai juna biyu ko ƙananan yara, su ne ma'aunin tafiyar.

Mataki na biyu: duba ranaku da tikiti kafin ka tsayar da rana

Nan ne mutane suka fi yin tuntuɓe. Kowane wuri yana da ranar hutunsa, kuma ba ɗaya ba ce. Fadar Topkapi da ke Istanbul ba ta buɗewa ranar Talata, babbar kasuwar birnin mai rufi kuma tana rufe ranar Lahadi. Taj Mahal da ke Agra a Indiya ba ya karɓar masu yawon buɗe ido ranar Juma'a. Gidajen kayan tarihi na Batikan suna rufe ranar Lahadi, ban da Lahadin ƙarshen wata, wadda cinkosonta ba a magana. A birane da dama, Litinin ce ranar da gidajen tarihi ke hutawa. Masallatan da har yanzu ake salla a cikinsu, kamar na Sultan Ahmad mai hasumiya shida da ke Istanbul, suna dakatar da zagaye a lokutan salla, ranar Juma'a kuwa sai bayan an sauko.

Sai batun tikiti mai ƙayyadadden lokaci. A fadar Alhamra ta birnin Granada a Sifaniya, sashen fadojin sarakunan Banu Nasr yana da sa'ar shiga da aka buga a jikin tikitinka. Ka makara, ka rasa. Tikitin yakan ƙare makonni kafin ranar a lokacin da baƙi suka yi yawa, kuma da sunanka ake sayar da shi, don haka sai ka riƙe fasfo. Kolosiyam, tsohon filin wasan birnin Roma, ma haka yake da lokacin shiga, kuma sauka ƙarƙashin filin yana buƙatar tikiti na daban. Saboda haka tsarin shi ne ka fara kama tikitin wurin da ya fi wuyar samu, sannan ka gina sauran yinin a kewayensa. Jagora nagari zai iya saya maka, amma ka tabbata ya turo maka hoton tikitin ka ga sunanka da sa'ar da idonka.

Mataki na uku: nemo mutumin, ka gwada shi

Wannan shi ne ƙashin bayan lamarin, don haka bari in ɗan daɗe a kai.

A ƙasashe irin su Turkiyya, Masar, Italiya, Girka da Maroko, aikin jagora sana'a ce mai lasisi. Mutum yakan yi karatu ko jarrabawa kafin hukuma ta ba shi katin shaida, kuma da yawansu suna rataye shi a wuya lokacin aiki. Ka nemi ya turo maka hoton katin. Ba rashin kunya ba ne, mai lasisi ma daɗi yake ji idan an tambaya. Wanda zai tare ka a bakin ƙofa yana cewa an rufe wurin yau, zo in kai ka wani, ka yi masa sallama cikin mutunci ka wuce, ka je ka duba ƙofar da kanka.

Hanyoyin samun jagora ba su wuce huɗu ba: ofishin yawon buɗe ido na birnin, otal ɗin da ka sauka, kamfanonin da ke haɗa baƙi da jagorori ta intanet, ko bakin wani da ya riga ka zuwa. Na ƙarshen ya fi min duka. Idan ta intanet ne, kada yawan taurari ya ruɗe ka. Karanta abin da mutane suka rubuta, ka lura ko sun ambaci wani abu takamaimai da suka koya, ko kuwa yabo ne kawai na an yi fara'a. Ka kuma tambayi kamfanin sunan wanda zai zo, domin sau da yawa wanda aka yaba daban, wanda za a turo maka daban.

Da ka sami mutum biyu ko uku, aika wa kowanne saƙo iri ɗaya. Faɗa masa adadinku, shekarunku, sa'o'in da kuke da su, da abin da ya fi jan hankalinku, sannan ka ce: ta ina za ka fara da mu, kuma me ya sa? Amsar za ta tona maka komai. Wani zai turo maka jerin da yake tura wa kowa. Wani kuma zai ce, tunda da mahaifiyarka a tafiyar, mu bar hawan hasumiya, mu fara da wuri kaza da sassafe kafin motocin ayari su iso. Na biyun ka riƙe.

Kada ka manta da harshe. Rubutu a waya ba ya nuna yadda mutum ke magana, manhaja ma tana iya fassara masa. Ka kira shi na minti biyar ka ji ko kuna fahimtar juna. Yini guda kana cewa "na'am?" ba ƙaramar wahala ba ce.

Mataki na huɗu: a rubuta abin da aka yi alkawari

Saƙon waya ma ya isa, muddin a rubuce yake. A faɗi wurin haɗuwa da sa'a, tsawon zagayen, ko kuɗin ya haɗa da tikiti da mota da direba, abin da za a ƙara idan an zarce lokaci, da yadda za a yi da kafin alƙalami idan ruwa ko ciwo ya hana fita. Idan an ce maka ba za ka bi layi ba, ka tambaya wane layin. Galibi layin sayen tikiti ake nufi, na binciken jami'an tsaro kuwa kowa sai ya bi shi.

Sai magana ɗaya da nake roƙonka ka faɗa a fili tun farko: ba na son a kai ni shago. A birane da yawa masu shaguna suna ba jagora kamasho a kan duk abin da baƙonsa ya saya. Ya taɓa faruwa da ni. Na ɗauki jagora na sa'a huɗu, muka gama wuri na farko lafiya lau, sai ya ce bari ya nuna min yadda ake wata sana'ar hannu ta gargajiya. Aka zaunar da ni, aka yi ta shimfiɗa kaya a gabana ɗaya bayan ɗaya, kunya ta hana ni tashi. Muna fitowa sa'a guda ta tafi, wuri na ƙarshe da na fi ƙwallafa rai a kai kuma muka tarar ana jan ƙofa. Abin ya yi min ciwo ƙwarai, har yau ban ga cikin wurin ba. Idan kana son sayayya, ware mata lokacinta bayan an gama zagaye.

Mataki na biyar: ranar fita

Fita da wuri. Sa'ar farko bayan buɗe ƙofa ta fi sa'a uku na tsakar rana albarka, ga sanyi ga sarari. Sa takalmin da ƙafarka ta saba da shi, domin tsofaffin birane daɓen dutse ne da matakala, wasu ma mota ba ta shiga, kamar tsohon birnin Fas mai dubban lunguna. Riƙe ruwa. Wuraren ibada, masallaci ne ko coci, suna da ƙa'idar sutura, don haka a rufe kafaɗa da gwiwa, mata kuma su riƙe mayafi.

Da kun shiga, kada ka zama ɗalibin da ke gyaɗa kai kawai. Ka tsayar da shi. Tambayar da ta fi buɗe bakin jagora ita ce: mene ne a nan wanda mutane ke wucewa ba su gani ba? A Ayasofiya da ke Istanbul, wadda aka gama a 537 a matsayin coci, ta koma masallaci a 1453, ta zama gidan tarihi a ƙarni na 20, ta sake komawa masallaci a 2020, kowa yana ɗaga kai ya dubi ƙubba da manyan faifan nan takwas masu ɗauke da sunan Allah da na Manzo da halifofi huɗu da Hasan da Husaini. Amma a bene, a jikin marmarar da ake dafawa, akwai 'yan zane-zane kamar yaro ya karce da ƙusa. Rubutun mutanen arewacin Turai ne na zamanin da, inda ake iya karanta sunan wani Halfdan. Mutum ya bar ƙasarsa mai ƙanƙara, ya iso nan, ya karce sunansa, ga shi har yau. Ba wanda zai gan shi sai an nuna masa da yatsa. Haka a Alhamra, abin da baƙo zai ɗauka ado ne kawai a bango, idan jagora ya matso da kai sai ka ga jumla ɗaya ce ake ta maimaitawa daga ɗaki zuwa ɗaki: "Wa la galiba illallah", babu mai rinjaye sai Allah. Taken gidan sarautar ne, wadda mulkinta ya ƙare a 1492.

Akwai tambaya ta biyu da nake so ta zauna a bakinka: wannan a rubuce yake, ko ana faɗa ne? Kowane tsohon birni yana da labaran da suka yi daɗin baki har suka zauna kamar gaskiya. Za a ce maka sojojin Napoleon ne suka harbe hancin gunkin nan mai jikin zaki da kan mutum da ke Giza, alhali akwai zanen da matafiya suka yi shekaru da dama kafin zuwansa Masar a 1798, kuma tun a lokacin babu hancin. Za a ce maka an yanke hannayen maginan Taj Mahal don kada su sake gina irinsa, alhali masana tarihi ba su sami hujjar haka ba. Jagoran da ya san aikinsa ba zai ji haushin tambayar ba. Zai ba ka labarin, sannan ya raba maka tsaki da tsakuwa.

Kuma ka tuna tafiyar taka ce. Idan wuri ya kama zuciyarka, ka ce a zauna, ko da za a bar na gaba. Idan ka gaji da jin magana, ka nemi minti goma na shiru. A farfajiyar Ibn Ɗulun, bayan an nuna maka hasumiyar nan mai matakala ta waje da ke naɗe da ita, babu bayanin da ya kai ka zauna a inuwar baka guda ka bar idonka ya yi yawo. Hoto kuma ka tambaya kafin ka ɗauka, musamman na mutane da na masu ibada.

Mataki na ƙarshe: kafin ku rabu

Cika masa kuɗinsa yadda aka yi, idan ya kyauta maka ka ƙara da tukwici daidai ƙarfinka, direba ma kada a manta da shi. Sannan ka miƙa masa takarda ko wayarka ya rubuta maka sunayen wurare da na mutanen da ya ambata, domin sunan da ka ji sau ɗaya a baƙon harshe kafin dare ya gudu. Ka tambaye shi inda zai ba ka shawarar zuwa gobe kai kaɗai, da sa'ar da ta fi dacewa, da ƙofar da za ka bi. Idan da sauran kwana a gabanka, zaɓi wuri ɗaya cikin waɗanda kuka zaga, ka koma da sassafe da takardar nan a aljihu.