Kurakuran da aka fi yi wajen sauya fayilolin ƙididdiga ta layin umarni

Sauya fayil daga manhajar ƙididdiga ta SPSS (.sav) zuwa ta Stata (.dta), ko daga ta SAS zuwa CSV, aikin daƙiƙa kaɗan ne idan kana da readstat a kwamfutarka. Manhaja ce ta kyauta wadda Evan Miller ya rubuta, kuma a kanta aka gina haven na R da pyreadstat na Python. Layi guda kawai za ka buga:

readstat bincike.sav bincike.dta

Daga wutsiyar sunan fayil take gane abin da kake so. Sai dai idan ta ce ta gama, abin da take nufi shi ne lambobi sun tsallaka. Ko ma'anarsu ta biyo su, wannan kai ne za ka bincika, domin kowace manhajar ƙididdiga da yadda take ajiye laƙabi da kwanan wata da amsar da ba a samu ba. Kama da wane ba ta wane.

Babban kuskuren da ya fi kowanne ɓarna shi ne bi ta CSV a matsayin gada. Mutum yana da fayil ɗin SPSS, yana son na Stata, sai ya fara mayar da shi CSV, daga can ya shigar. CSV kuwa rubutu ne tsagwaronsa, ba shi da wurin ajiye bayanin ginshiƙi. Ɗauki fayilolin binciken DHS (binciken al'umma da lafiya) na Najeriya na 2018, wanda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar. A fayil ɗin mata, ginshiƙin v025 yana ɗauke da 1 ko 2, laƙabin da ke manne da shi ne yake faɗa maka 1 birni ne, 2 karkara. Da ka juye shi zuwa CSV, dole ɗaya ya faɗi: ko ka samu lambobin ba laƙabi, ko laƙabin ba lambobi. A ginshiƙi guda wannan ba komai ba ne, amma fayil ɗin yana da ginshiƙai dubbai, kuma ba wanda zai zauna ya mayar musu da laƙabi da hannu. Gyaran shi ne ka sauya kai tsaye daga .sav zuwa .dta. In kuwa CSV ɗin ya zama dole, ka fara fitar da bayanan ginshiƙan da extract_metadata, wadda take zuwa tare da readstat, ka ajiye fayil ɗin JSON da ta ba ka kusa da shi. Ranar da za ka koma, sai ka haɗa su biyun:

readstat bincike.csv bayani.json bincike.dta

(Game da DHS ma, sau da yawa wahalar banza ake sha. Suna ba da fayil ɗaya a tsarin Stata da SPSS da SAS, wanda kake buƙata kawai za ka sauke.)

SAS tana da nata tarkon a nan. Laƙabin amsoshi ba sa cikin fayil ɗin .sas7bdat, suna wani fayil dabam mai wutsiyar .sas7bcat. Wanda ya turo maka na farkon kaɗai, rabin kaya ya ba ka. Ka nemi na biyun, ka sa shi a tsakiya: readstat bayanai.sas7bdat formats.sas7bcat bayanai.dta.

Sai amsar da ba a samu ba, kuma wannan ya fi na laƙabi haɗari don ba ya nuna kansa. A SPSS, mai bincike yana iya cewa 98 "ban sani ba" ne, 99 "ba a amsa ba", manhajar kuma ta riƙa tsallake su a lissafi alhali lambobin suna nan zaune a cikin fayil. Stata ba haka take yi ba: tana da ɗigo, da .a zuwa .z, waɗanda su kansu ba lambobi ba ne. Idan umarnin tsallakewar nan bai biyo fayil ba, 99 ya zama amsa ta gaske. A ce mata goma aka tambaya yawan 'ya'yansu, tara suka ce huɗu, ta goma ba ta amsa ba. Matsakaicin gaskiya 4 ne. Da 99 a ciki, zai fito 13.5. A nan kowa zai gani ya yi dariya, amma a cikin mutum dubu talatin, 99 ɗin 'yan ƙalilan za su ɗaga matsakaicin kaɗan ne kawai, yadda babu mai zargin komai, har ya shiga kundin digiri. Bayan kowace sauyawa ka duba mafi girman lamba a ginshiƙan da za ka yi aiki da su. In ka ga 98 ko 99 ko 9999, ka mayar da su giɓi da mvdecode a Stata. Mai amfani da pspp-convert, manhajar sauya fayil ta GNU PSPP, yana da --recode, wanda yake yin wannan tun wajen fitar da CSV.

Kwanan wata kuwa kowa da ranar da ya fara ƙirga. Stata da SAS suna ƙirga kwanaki daga 1 ga Janairun 1960, shi ya sa 1 ga Janairun 2020 yake fitowa 21915 idan ba a sa masa siga ba. SPSS daƙiƙoƙi take ƙirgawa daga 14 ga Oktoban 1582. To idan ka buɗe sabon fayil ka tarar ranar hira ta zama lamba mai fiye da biliyan 13, ba lalacewa ta yi ba. Ka raba ta da 86,400, ka cire 137,775, ka sa mata %td, wato sigar kwanan wata ta Stata, ranar za ta dawo daidai. Abin da bai kamata ba shi ne ka sa %td kai tsaye a kan lambar SPSS ɗin, ko ka goge ginshiƙin don ka ɗauka shirme ne.

Haruffa

Wannan ya shafe mu fiye da wasu. Tsohon tsarin haruffa na Windows-1252 ba shi da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ sam. Duk fayil ɗin da aka tilasta ya bi ta cikinsa, Ƙanƙara za ta fito ?an?ara, kuma daga nan babu dawowa, harafin ya tafi. Akwai kuma ɓarnar da ake iya gyarawa: fayil yana UTF-8 amma aka karanta shi a matsayin Windows-1252, sai Tillabéri ta zama TillabÃ©ri. Masu aiki da bayanan Nijar sun san wannan sarai. A irin wannan fayil ɗin lafiyarsa lau, karatun ne ba daidai ba, don haka kada ka bi kana gyara sunaye ɗaya bayan ɗaya. Ka gaya wa manhajar tsarin da ya dace; pspp-convert tana karɓar --encoding, CSV kuma iconv -f WINDOWS-1252 -t UTF-8 yana juya shi idan tsohon tsari ne. Stata ba ta koma Unicode ba sai a siga ta 14 a 2015, saboda haka fayil ɗin da ya girme ta yana buƙatar unicode translate.

Kwamfutar da aka saita da Faransanci tana rubuta 3,5 a maimakon 3.5, tana kuma raba ginshiƙan CSV da alamar ; a maimakon waƙafi. Ka leƙa layukan farko da umarnin head kafin ka sauya.

Lambobin shaida su ma suna shan wuya. Lambar waya mai farawa da 080 idan aka ɗauke ta a matsayin adadi, sifirin farko ya faɗi. Lambar NIN tana da alƙaluma 11, nau'in adadi na float a Stata kuwa ba ya riƙe cikakkiyar lamba daidai idan ta wuce 16,777,216, sai ka ga mutum biyu sun tashi da lamba ɗaya. Duk abin da ba za ka tara ko ka ɗebe ba, ka bar shi rubutu. Kuma ka yi hattara da manhajar da take share sarari: caseid, ginshiƙin lambar shaida na DHS, yana da sarari a gabansa da tsakiyarsa, haruffa 12 na farko su ne lambar gida, in aka matse su ba zai ƙara haɗuwa da fayil ɗin gidaje ba.

Iyakar girma ba ta buƙatar dogon bayani. Sunan ginshiƙi a SPSS yana kai 64, a Stata 32, a tsohon tsarin XPORT na SAS siga ta 5 da .por na SPSS kuwa 8 kacal, don haka sunaye biyu masu farko iri ɗaya za su iya karo idan aka datse su. Stata/BE ba ta buɗe fayil mai ginshiƙai sama da 2,048. Tsohon fayil ɗin Excel na .xls yana tsayawa a layi 65,536, kuma ta wannan hanyar ce hukumar lafiya ta Ingila ta zubar da sakamakon gwajin korona kusan 16,000 a 2020.

Ka riƙa ba readstat sunan fayil guda ba tare da na biyu ba. Idan ka yi haka ba ta sauya komai, tana nuna maka yawan layuka da ginshiƙai da sigar fayil ɗin ne. Ka yi wa tsohon, ka yi wa sabon, ka gwada su. Daga nan ka zaɓi ginshiƙai uku ko huɗu, ɗaya mai laƙabi, ɗaya na kwanan wata, ɗaya mai sunayen garuruwa, ka fitar da teburinsu a ɓangarorin biyu. Sannan ka kula da -f, wanda yake sa ta rubuta a kan fayil ɗin da ya riga ya kasance ba tare da tambaya ba. Fayil ɗin asali ka ajiye shi a wani kundi dabam, ka kulle shi da chmod a-w, umarnin da ka yi amfani da shi kuma ka rubuta shi a ƙaramin fayil na .sh kusa da shi.