Gano inda ka fuskanta bayan juyi: dabarar da nake koya wa ƴan sizyam

Duk shekara a nan Tahoua, in na kai ga darasin juyi, sai na fitar da ƴan aji tsakar lakwal. A kan allo yara rikicewa suke, amma da ƙafa kan rairayi kowa ganewa yake.

Na kan ce su fuskanci Ƙonni, wato kudu, ko gusum yadda tsoffinmu ke faɗa. Juyi cikakke digiri 360 ne, rabi 180, rubu'i 90. In ka juya dama, kamar hannun agogo, jerin shi ne arewa, gabas, kudu, yamma. In hagu ne, sai ka bi jerin da baya. Wanda ke mance hagu, na kan tuna masa ɗawafi: Ka'aba a hagunka take, kana tafiya saɓanin hannun agogo.

Ga inda aikin yake. A ce kana kallon Ƙonni, aka ce ka juya hagu sau 2 da 3/8. Fara da jefar da 2 ɗin nan, don juyi cikakke inda ka taso yake maido ka. Saura 3/8. Raba da'irar gida takwas, kowane gida digiri 45, ka ƙirga taki uku: kudu maso gabas, gabas, arewa maso gabas. Ga ka kana kallon wajen Agadas. Kuskuren da na fi gani shi ne yaro ya ƙirga inda yake tsaye a matsayin taki na farko. A'a, wurin tsayuwa sifili ne.

Wata yarinya ce ta nuna wa ƴan ajinta gajeriyar hanya, ban ma faɗa ba: 3/4 ta dama daidai yake da 1/4 ta hagu. Daga gabas duk biyun arewa suke kai ka. Ni ma yanzu in kason ya wuce rabi, ta baya nake bi.

Sulusi ne mai gardama, don 1/3 ba ya faɗawa kan gida takwas ɗin. Nan sai lissafi: 360 a raba 3, digiri 120. Daga arewa ta dama, ka wuce gabas da digiri 30, amma ba ka kai kudu maso gabas ba, saura 15. Haka za ka rubuta a takardarka.