Yadda Na Gyara Ƙarar Salansar Motata A-Kori-Kura

Wata biyu motata tana yin wata 'yar ƙara, ƙas-ƙas-ƙas, duk lokacin da na tayar da ita da safe, amma da zarar inji ya ɗauki zafi sai ƙarar ta ɗauke. Da farko na zargi bawul, wato abin da ke buɗewa da rufewa don shigar iska da fitar hayaƙi a inji, har na canza baƙin mai, wanda asarar kuɗi ce kawai.

Abin da ya tona asirin matsalar shi ne baƙin tabon hayaƙi da na gani a inda manifol ɗin salansa, wato bututun da ke tattara hayaƙi daga inji zuwa salansa, ya haɗu da kan inji. Ashe ƙusa ɗaya ce daga cikin masu ɗaure manifol ɗin ta karye a ciki, saboda yawan zafi da sanyi da ƙarfen yake sha. Idan ƙarfen ya yi zafi yakan faɗaɗa ya toshe kafar da hayaƙin ke fita, shi ya sa ƙarar take ɓacewa, alhali hayaƙin, mai ɗauke da iskar kabon monoksaid mai guba, yana iya shiga inda direba yake zaune.

Mai walda ya liƙa noti a kan guntun ƙusar, muka warware ta a hankali. An goge fuskar manifol ɗin saboda ta riga ta ɗan lanƙwashe, na sa sabon gasket, wato faifan da ake sakawa tsakanin ƙarafan biyu don hana hayaƙi fita, sannan na ɗaure ƙusoshin daga tsakiya zuwa gefe. Tun ranar ban sake jin ƙarar ba.