Kafin Ka Kira Masu Gyaran Tsakar Gida

Da farko, kafin a zo kwashe shara da tarkace, zaga gidan da kanka, ka ware abubuwa masu haɗari gefe guda: tsohon batir, ragowar fenti, maganin ƙwari, baƙin mai, da doguwar fitila mai zaiba a ciki. Sa safar hannu, ka kawar da yara.

Bar kowane abu a cikin mazubinsa na asali, da rubutunsa a jiki. Kada ka kuskura ka juye maganin ƙwari a gorar ruwa. Yaro ba ya karanta takarda, ɗauka kawai zai yi ya kai baki. Kada kuma ka haɗa bilic (ruwan wanki mai sa kaya fari) da sinadarin amoniya da ke cikin wasu ruwan goge-goge, hayaƙinsu guba ne. Gwangwanin fesawa fashewa yake yi a wuta, baƙin mai kuwa ba a zuba shi a kwata.

Sai ka nemo masu aikin. Su zo su gani da idonsu kafin a yi ciniki. Tambaye su inda za su kai sharar. Wanda ya yi ta kame-kame, sallame shi. Nuna musu abin da ka ware, don a kai shi wurin da hukuma ta tanada. Cikon kuɗi, sai an gama ka duba.