Asabar a Filin Wasan Jami'a: Abin da Sabon Zuwa Amurka Zai Ji da Kunnensa

Ɗalibin da ya sauka a Amurka cikin watan Agusta ba zai cika mako uku ba sai ya gane cewa ranar Asabar a garin jami'a ranar ƙwallon ƙafa ce irin ta Amurka, wadda ake riƙewa a hannu ana gudu ana kokawa. Daga ƙarshen Agusta zuwa ƙarshen Nuwamba haka lamarin yake. Filin Jami'ar Mishigan da ke Ann Arbor yana ɗaukar mutum fiye da 107,000, alhali babban filin wasa na Abuja bai wuce kimanin 60,000 ba. Ina ba kowane sabon zuwa shawara ya je ko sau ɗaya, ko da dokokin wasan ba su shige masa ba, domin rabin abin da ke tara jama'ar nan kiɗa ne da amon murya, kuma wannan fanni ne da Bahaushe ba baƙo ba ne a cikinsa.

Kowace babbar jami'a tana da 'yan badujala, ɗalibai ne ɗari biyu ko uku ko fiye, masu ganguna da ƙahonin tagulla, waɗanda suke fareti kafin a fara wasa da kuma lokacin hutun rabin lokaci na minti 20. Na Jami'ar Jihar Ohayo sukan jera su rubuta sunan jihar da jikinsu a tsakiyar fili, sannan mai busa ƙaho mafi girma ya fito shi kaɗai ya tsaya a matsayin ɗigon harafi, jama'a su ɗauki sowa. Wanda kuma ya samu kansa a kudancin ƙasar, kada ya bari kiɗan jami'o'in baƙar fata ya wuce shi, irin su Grambling da Southern waɗanda suke karawa a New Orleans ƙarshen Nuwamba. A can mutane da yawa ba sa tashi sayen abinci lokacin hutu, saboda hutun shi ne abin da suka biya kuɗi don su gani.

Abin da ya fi rikita sabon zuwa shi ne lokacin ihu da lokacin shiru. Wanda ya taɓa tsayawa a filin dambe ya san cewa mai kalangu ba ya kiɗa barkatai, yana zuga ɗan wasansa ne a daidai lokacin da zugar za ta yi amfani. Haka abin yake a nan. Idan ƙwallo yana hannun baƙi, ana buɗe murya iya ƙarfi, musamman a yunƙurinsu na uku cikin huɗun da ake ba su don su kai ƙwallo gaba yadi 10, domin jagoran harinsu da baki yake ba abokansa umarni, kuma idan ba su ji shi ba wani zai motsa kafin lokaci a ci su tarar komawa baya yadi 5. Idan kuwa ƙwallo ya dawo hannun 'yan gida, sai fili ya yi tsit. Na taɓa ganin wani ɗan'uwa ya miƙe yana tafi da kururuwa a daidai wannan lokaci, wata dattijuwa da ke bayansa ta dafa masa kafaɗa a hankali ta ɗora yatsa a leɓenta. 'Yan badujala da masu lasifika ma doka ta hana su kiɗan da zai toshe wa 'yan wasa kunne idan ana shirin ɗaukar ƙwallo.

Akwai muhawarar da za ku tarar ana yi, kuma ina da ɓangare a cikinta. Wasan minti 60 ne a agogo, amma yana cin fiye da awa 3 saboda tallace-tallacen talabijin, kuma filaye da yawa sun koma cike waɗannan giɓoɓi da waƙoƙin faifai ta lasifika. A wani fili na zauna kusa da 'yan badujala, na ga sun ɗaga ƙahoni za su fara, sai lasifika ta ɓarke da kiɗan da ya danne su, yaran suka sauke kayansu suka zauna. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin sun shafe mako suna atisaye. Gyaran ba mai wuya ba ne: a bar wa 'yan badujala yawancin lokutan tsayawa, a sa musu makirufo domin na can nesa su ji, a rage ƙarar lasifika yadda jama'a za su ji muryar junansu. Kiɗan faifai yana da amfani idan an ba shi lokaci guda sananne, kamar a Jami'ar Wiskonsin inda tun 1998 ake saka waƙa ɗaya kafin zangon ƙarshe cikin zango huɗu na wasan, ɗalibai su yi ta tsalle har gini ya girgiza. A Jami'ar Ayowa kuwa, tun 2017, idan zangon farko ya ƙare, dukan fili yakan juya ya ɗaga wa yara marasa lafiya hannu a asibitin da ke kallon filin. Ku ma ɗalibai ne masu biyan kuɗin makaranta, don haka idan ofishin wasanni ko ƙungiyar ɗalibai ta nemi jin ra'ayi, ku amsa.

Ku tanadi abin toshe kunne, musamman idan za ku je da yara, domin masana lafiyar ma'aikata sun ce ƙarar da ta kai desibel 85 a ma'aunin ƙarfin sauti tana illa idan ta ɗauki awa 8, kuma babban fili yakan haura 100. Yawancin filaye jaka mai nuna abin da ke cikinta kawai suke bari a shiga da ita, kuma da yawa ba sa barin wanda ya fita ya dawo, saboda haka a duba lokacin fara wasa a tsara Azahar da La'asar tun daga gida. A wajen fili za ku tarar da mutane suna gashi a bayan motoci tun hantsi, akwai giya da naman alade, kuma ba wanda zai ji haushi idan kun tambayi abin da ke kan wuta. A ɓangaren ɗalibai a tsaye ake kallo, kujerun ma yawanci bencin ƙarfe ne, kuma wasan dare a Nuwamba a jihohin arewa yana buƙatar safar hannu da hula mai rufe kunne.