Yadda na sauya gadon da fotal ya ba ni

Fotal ɗin makarantarmu, wato shafin intanet da ke raba wa ɗalibai gado a hostel, ba ruwansa da lafiyarka. 'Yan aji ɗaya da 'yan ajin ƙarshe ake fara bai wa gado, saura kuma abin da ya rage. Ni sai ya jefa ni hawa na uku, gadon sama, ga ciwon gwiwa.

Biya na fara yi, don in ka yi jinkiri gadon zai koma hannun wani. Sannan na karɓo takardar likita a asibitin makaranta, na haɗa da rasit na kai ofishin harkokin ɗalibai. Suka tura ni wurin mai kula da hostel, ya buɗe rajista ya samo wani a hawan ƙasa da sauro ya isa. Muka sa hannu, aka sauya sunaye. Musanya a ɓoye kam ban yarda ba, ranar bincike sunan wani za a gani a gadonka.