Kurakuran da maza suka fi yi wajen saye da sanya rigar folo

Mafi yawan masu shiga kasuwa neman rigar folo, idonsu kan tambarin ƙirji yake fara sauka: kada ne, ko mahayin doki? Daga nan ake fara ɓata. Rigar da ta zauna wa mutum daidai, ko ba ta da tambari, ta fi wadda ke ɗauke da babban suna amma ta yi masa burmu-burmu. Ga kuma jabu da ya cika gari. Polo Ralph Lauren mahayi ɗaya ne a tambarinsa, U.S. Polo Assn. kuwa mahaya biyu ne, kamfanoni ne daban, amma sau da yawa ana sayar wa mutum wannan da sunan wancan. Maimakon tambari, juya rigar ka duba ɗinkin ciki, ka ja bakin hannu ka ga ko zai koma yadda yake.

Kuskure mafi girma shi ne na awo. Ana ɗaukar riga don an ga L a wuyanta, alhali L na Amurka ya fi na Turai faɗi, na China kuma yakan fi su duka ƙanƙanta. Wanda ke tsintar gwanjo a Ƙofar Wambai ya san haka sarai. Gwadawa ita ce magani. Ɗinkin kafaɗa ya tsaya a ƙarshen ƙashin kafaɗarka, kada ya zubo kan damtse. Hannun rigar ya ƙare a tsakiyar damtse, ya ɗan kama shi ba tare da ya shaƙe ba. Idan wajen maɓallan yana buɗe baki, riga ta yi kaɗan. Mai tumbi yakan gudu zuwa babbar riga don ya ɓoye shi, sai ta ƙara masa girma. Gara ya nemi wadda ta dace da kafaɗa da ƙirji, mai ɗan kaurin yadi da ba ya manne wa jiki.

Tsawo kuma yana da wani lamari da ya shafe mu musamman. Rigar da ta tsaya a kan bel tana da kyau a tsaye, amma da zarar an yi ruku'u ko sujada sai baya ya buɗe, wani lokaci har abin da bai kamata a gani ba. Ina ganin wannan a sahu, kuma yana damuna. Tun a shago ka ɗaga hannuwa sama, ka sunkuya. In fata ta bayyana, ajiye ta. Tsawon da ya dace shi ne wanda ya rufe bel ya kai tsakiyar zif ɗin wando. Asalin rigar ma haka aka yi ta: René Lacoste, ɗan wasan tanis na Faransa da ya fito da ita a shekarun 1920 kafin ya kafa kamfaninsa a 1933, ya sa bayanta ya fi gaba tsawo don kada ta fita daga wando in ya sunkuya. Irin wannan mai dogon baya, zanzaro ake yi da ita. Mai gindi daidai gaba da baya ita ake sakewa.

Sai yadi. A zafin Afrilu, mai roba tana riƙe gumi da wari, sai dai in irin ta 'yan wasa ce da aka saƙa don motsa jiki, ita ma fili ne wurinta. Ta yawo da ofis, a nemi auduga mai saƙar ƙananan ramuka, wadda iska ke ratsawa.

Kwala ita ce fuskar wannan riga. Ɗaga ta sama ba ado ba ne, 'yan tanis sun yi hakan ne don kare ƙeya daga rana. A kwantar da ita. Maɓalli kuma a ɓalle na sama ɗaya, a rufe sauran. Singileti ko wata riga ta leƙo ta wuya tana ɓata tsari, in za a sa ta ciki, a zaɓi mai zurfin wuya.

Yawancin rigunan folo a wurin wanki suke mutuwa. Ana jiƙa su da ruwan zafi, a dirje kwalar da buroshi, a murɗe, a shanya a tsakiyar rana, sai baƙa ta koma ruwan toka, kwala ta nannaɗe kamar busasshen ganye. Gaya wa mai wanki ya rufe maɓallan, ya juya rigar bai-bai, ya wanke da ruwan sanyi, ya matse a hankali, ya shanya a inuwa. Wajen guga a rage wutar dutse, a goge kwala ta ƙarƙashi, kada a ɗora dutsen kan tambari. Hanga ta waya tana fitar da ƙaho a kafaɗa, nauyin yadin kuma yana jan rigar ta ƙara tsawo, saboda haka a ninke ta a ajiye a durowa.